Dabbar da Ta Cije Ka, Laifin Wa?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin halittu manya da ƙanana. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi Sunnarsa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa matasa, mas'alar da za mu duba yau wani zai raina ta, har ya ce malamai sun rasa abin faɗa. To, ku sani Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wata mace ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Addinin da ya zo da wannan, babu ƙaramar magana a cikinsa game da rai.

Ga mas'alar. Duk wanda ya tashi a ƙasar Gumel, ko Maigatari ne, ko Gagarawa, ko Sule Tankarkar, ya san yadda yara da samari ke bin ramuka a jigawa bayan an kau da gero da gyaɗa. Su kamo kurege, ko ɗan ɓeran dajin nan mai launin yashi, mai manyan idanu da dogayen ƙafafun baya. A ɗaura masa igiya a ƙugu, a kawo gida, wai za a yi kiwo. Da an kai hannu sai ya gantsara cizo. Nan take a ce mugu ne, a maka shi da ƙasa, ko a sami dutse a karya masa haƙoran gaba. To, tsakani da Allah, laifin wa?

Mu fara da halin dabbar. Wannan halitta abincin shirwa ce da mujiya da maciji. Duk abin da ya sauko mata daga sama, mutuwa take gani. Kai kuma ka zo da hannun da ya fi jikinta girma, ka damƙe ta ta baya. Gudu ya gagara, rami ya yi nisa, tura ta kai bango. Me ya rage mata in ban da haƙori? Cizon nan na tsoro ne. Dabba ba ta da niyyar mugunta, alƙalami ba ya hawa kanta. Kai ne mai hankali, kai ne za a tambaya.

Sa'an nan duka ba ya cire tsoro, ƙara shi yake yi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Karya haƙori kuwa azaba ce tsagwaronta, domin haƙoran gaba na irin waɗannan dabbobi ba sa daina tsiro muddin suna raye, da su suke fasa ƙwaya su ci. Ka karya, ka jefa ta cikin ciwo da yunwa, in ta rayu ya sake fitowa, tsoron kuma ya ninka.

Shin kiwon nasu ma ya halatta? Anas, Allah ya yarda da shi, yana da ƙane, Abu Umair, mai ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai hana ba, har yakan tambayi yaron labarin tsuntsun. Daga nan malamai, kamar Ibnu Hajar a Fathul Bari, suka fitar da halaccin tsare irin wannan, da sharaɗin ci da sha da rashin azabtarwa. Ɓeran gida mai ɓarna hukuncinsa daban, an halatta kashe shi, amma da gaggawa, ban da wuta, ban da wasa da ransa. Kuma a guji taɓa shi da hannu, domin wani nau'insa ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969.

Yanzu, yaya ake sabo da mai tsoro? Akwai ɗan'uwan ɓeran jigawar nan daga ƙasar Mongoliya, wanda aka kai Amurka a 1954, har ya zama abin kiwo a gidajen Turawa. Abin da masu kiwonsa suka gane da jarrabawa shi ne wannan. Ka bar shi kwanaki ya san wurinsa, da yashin haƙa da inda zai ɓuya. Ka wanke hannu, kada ya ji ƙanshin ƙuliƙuli ya ɗauka yatsanka abinci ne. Ka shimfiɗa tafin hannu a ƙasa da 'yan ƙwayoyin riɗi, ka yi shiru, shi zai zo. Kada ka tashe shi daga barci. Kada ka ɗauke shi ta jela, fatar kan saluɓe. Kaɗan-kaɗan kullum, sannu ba ta hana zuwa. In ya cije ka, ka ajiye shi a hankali, ka wanke da ruwa da sabulu, in wurin ya kumbura ka je asibiti. Wanda aka kamo babba daga daji kuwa sau da yawa ba ya sabo. In ya ƙi, mai da shi inda ka ɗauko shi, shi ne adalci.

Jama'a, wannan duk Sunna ta riga ta koyar. Muslim ya ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta hau wani raƙumi mai gardama, ta shiga fizgarsa, sai Annabi ya umurce ta da tausasawa, ya sanar da ita cewa tausasawa tana ƙawata duk abin da ta shiga, rashinta kuma yana munana shi. Wannan magana a kan dabba aka yi ta. Ku je kasuwar Maigatari ran Alhamis ku duba masu raƙuma da dawaki. Gwanin cikinsu ba shi ne mai yawan bulala ba.

To, ɗan'uwa, ga inda maganar ta dawo kanka. Allah ya nuna maka Sunna, madalla. Amma yaya kake kai ta gida? Ka sauko wa mahaifinka daga sama kamar shirwa, da tsawa, ka ce duk abin da ya yi shekara sittin yana yi ɓata ne. Ya fusata, ya kore ka, sai ka ce tsoho ya ƙi gaskiya. Anya? Ba tsoro ka jefa masa ba, tsoron a raba shi da abin da ya sani, a kunyata shi gaban 'ya'yansa? Haka amaryar da aka kawo maka jiya, haka ƙanenka, haka ɗalibin da ke gabanka. A Suratu Ɗaha Allah ya umurci Annabi Musa da Haruna su yi wa Fir'auna magana mai taushi. Kai ba ka kai Musa ba, mahaifinka kuma ba Fir'auna ba ne. A Suratu Ali Imrana, aya ta 159, an sanar da Annabi da kansa cewa da ya zama mai kaushin hali da mutane sun watse daga gare shi.

Wannan ba ya nufin a ɓoye gaskiya ko a yi wa bidi'a ado. Gaskiya tana nan yadda take. Abin da ake nema gare ka shi ne ka shimfiɗa hannu ƙasa, da hujja da ladabi da haƙuri, ka bar wa Allah shiryarwa. Wanda ya kasa haƙuri da ɗan kurege na mako biyu, ina zai iya da zuciyar mutum?

Allah ya sanya rahama a zukatanmu, ya tsare hannayenmu daga zaluntar abin da muka fi ƙarfi, ya tabbatar da mu a kan Sunna. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.