Gurbi Ɗaya, Mata Biyu

A fom ɗin neman bizar iyali na Birtaniya ko Amurka, gurbin sunan matar aure guda ɗaya ne tak. Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mun san ma'anar hakan. Wasu ne suka zauna suka yanke cewa iyali shi ne miji ɗaya da mata ɗaya da ƙananan 'ya'yansu, aka gina manhajar a kan wannan hukunci. Kwamfuta kuwa ba ta jin roƙo. In kana da suna na biyu, babu inda za ka rubuta shi.

A Birnin Kudu da Gwaram ba haka gida yake ba. Akwai uwargida da amarya, akwai ɗan ƙani da ake riƙo tun yaye, ga tsohuwa a ɗakinta. Kuma garin da ke da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma ba zai rasa masu neman aiki a ƙetare ba.

A ce ma'aikacin jinya mai mata biyu ya samu aiki a Ingila. Tun daga dokar shige da fice ta 1988, Birtaniya ba ta barin mace ta zauna da matsayin matar aure muddin kishiyarta ta riga ta shiga da wannan matsayi. Amurka ta rufe ƙofa ga masu mata fiye da ɗaya tun 1891, Faransa kuma ta hana kawo mata ta biyu a 1993. 'Ya'yan wadda aka bari ma ba su tsira ba, domin ƙa'idar Birtaniya galibi tana son iyayen yaro duka biyu su kasance a can, sai dai in uban ya nuna shi kaɗai ke ɗauke da nauyin yaron.

A nan ne masu shawara ke fitowa. Wani ya ce a rubuta takardar saki ta jeka-na-yi-ka, aure yana nan daram. Wani ya ce a rubuta 'ya'yan amarya a matsayin na uwargida, ɗan riƙo kuma ya zama ɗan ciki. Hujjarsu ita ce dokar da ba ta san da kai ba, ba ta bin ka bashin gaskiya.

Kukan nasu ba na banza ba ne. Dokokin nan suna auna zumunci da kuɗi. A watan Afrilun 2024 Birtaniya ta ɗaga mafi ƙarancin kuɗin shigar da ɗan ƙasa ko mazaunin dindindin zai nuna kafin ya kawo matarsa, daga fam 18,600 zuwa fam 29,000 a shekara. Wata guda kafin nan ta hana sababbin masu kula da tsofaffi zuwa da iyalansu. Wanda ya ji an ƙuntata masa, bai yi ƙarya ba.

Amma sai a tambaya, wa aka yi wa ƙaryar? Jami'in da ya duba takardar zai manta da ita kafin la'asar. A gida za ta zauna. Yaron da aka sauya wa uwa zai girma takardunsa suna musanta wadda ta goya shi. Ɗan riƙon da aka mayar ɗan ciki an taɓa nasabarsa, abin da Musulunci ya hana ƙarara, ranar rabon gado kuma rigima ce. Saki kuwa, malamai sun daɗe suna gargaɗin cewa ba a wasa da shi. Matar da aka bari a Gwaram, takarda ta ce ba ta da aure, miji ya ce tana da shi. In ya rasu, ko zuciyarsa ta juya, da wanne za ta je gaban alƙali?

Ga kuma abin da sana'armu ta sani: rumbun bayanai ba ya mantuwa. Fasfo yana haɗe da lambar NIN, hoton yatsu yana ajiye, gwajin DNA yana iya tona asirin da aka rufe shekaru. Birtaniya tana iya hana wanda aka kama da yaudara shiga har shekara 10, a Amurka kuma haramcin na iya zama na har abada. Sai dai ba tsoron kamun ba ne ainihin dalili. Ko da ba a kama kowa ba, mai rauni a gidan ne ya biya kuɗin ƙaryar, kuma galibi ba a tambaye shi ba.

Faɗin gaskiya ma bai gama maganar ba. Wanda ya cike fom ɗinsa tsaf, har yanzu da mace ɗaya zai tafi. Wannan zaɓi nasa ne, bai kamata ya laɓe bayan dokar Turawa ya ce ita ta zaɓa masa ba. Rabon kwana da ciyarwa da kusancin uba da 'ya'yansa hakkoki ne da ya ɗauka ranar ɗaurin aure a gaban waliyyi da shaidu, ofishin jakadanci bai sauke masa su ba.

Don haka kafin a biya kuɗin fom, a zauna da wadda za a bari, da waliyyanta in ta so. A faɗa mata shekara nawa, nawa za a riƙa turowa, yaushe za a riƙa zuwa, a rubuta. In ta yarda, da saninta ta yarda. In ta ce ba za ta iya ba, tana da hakkin a saurare ta. Mijin yana iya tafiya shi kaɗai ya riƙa dawowa. Yana kuma iya haƙura da tafiyar, ko da abokansa za su ce ya yi wa kansa.