HUKUNCIN SAYAR DA MOTAR DA AKA SAUYA WA INJI, GYARA BAI ƘARE BA

Yabo da godiya su tabbata ga Allah, Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya zaga garejin makanikai a garin Zuru ba zai rasa ganin tsohuwar mota a ɗore bisa duwatsu ba, ƙura ta lulluɓe ta, an fara gyara an tsaya. Da yawa daga cikinsu Peugeot 504 ce, wadda jama'a su ke kira Fijo. A Faransa aka fara ƙera ta cikin 1968, sa'an nan masana'antar Kaduna, wadda ta fara aiki cikin 1975, ta yi ta harhaɗa ta har cikin shekarun 2000. Mota ce mai suna, domin ita ta ci gasar tseren Safari ta ƙasar Kenya cikin 1975, ƙanwarta mai ƙofa biyu kuma ta sake cinyewa cikin 1978. Saboda haka har yanzu akwai masu nemanta don sha'awa, kamar yadda akwai masu nemanta don ɗaukar fasinja da kaya.

A ƙaddara wani tsohon soja, irin waɗanda ƙasar Zuru ta shahara da su, ya mallaki irin wannan mota tun yana bakin aiki. Injinta ya mutu, ya sa aka sayo masa injin wata mota dabam, aka yi walda aka zaunar da shi. Kafin a gama haɗa wayoyi a daidaita birki, sai aka janye tallafin man fetur cikin watan Mayu na 2023, darajar naira ta faɗi, kayan gyara suka yi tsada, aljihunsa ya gaza. Ga kuɗin makarantar yara, ga cefane. Sai ya yanke shawarar ya sayar da ita yadda ta ke. To, shin wannan ciniki ya halatta? In ya halatta, me ya wajaba ya faɗa wa mai saye, me kuma ya ke da ikon yin shiru a kansa?

Da farko dai, Shari'a ba ta hana sayar da abin da bai kammala ba. Malaman mazhabar Maliki sun shar'anta ga abin sayarwa ya zama mai tsarki, mai amfani, wanda ba a hana cinikinsa ba, wanda mai shi zai iya miƙa shi, kuma sananne ga masu cinikin duka biyu. Motar da ba ta tashi tana da amfani, ko don a ƙarasa ta ko don a cire kayanta. Haka nan sauya inji ba laifi ba ne, ba kuma lalle ne ya zama aibi ba, domin sau da yawa sabon injin ya fi na asali lafiya da sauƙin shan mai. Inda maganar ta ke shi ne sharaɗin ƙarshe, watau sanin abin da a ke saye.

Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan wanda ya rasu cikin shekarar 386 ta Hijira, littafin da kowane almajirin fiƙihu a ƙasar Hausa ya san shi, ya kafa ma'auni mai sauƙi a babin ciniki. Ma'anar abin da ya kawo ita ce, bai halatta mai kaya ya ɓoye wani labari game da hajarsa ba matuƙar faɗinsa zai sa mai saye ya ƙi ta, ko ya rage mata kuɗi. A lura, ma'aunin bai tsaya ga abin da mai sayarwa ya ke ɗauka aibi ba, ya rataya ne ga zuciyar mai saye. Mai sha'awar tsofaffin motoci yana biyan kuɗi ne don asali, in ya ji injin ba nata ba ne, ko ya fasa ko ya rage tayi. Direban haya kuwa yana bukatar sanin irin injin, don ya san kayan gyaran da zai nema a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Kowanne daga cikinsu labarin injin yana taɓa kuɗinsa. Ashe ke nan faɗin sauyin wajibi ne, ko an tambaya ko ba a tambaya ba.

Asalin wannan hukunci yana cikin hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai tsibin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa a ciki, sai ya ji danshi. Mai abincin ya ba da uzurin cewa ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya tuhume shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma nisanta mai algus daga gare shi. Abin lura shi ne mutumin nan bai buɗe baki ya yi ƙarya ba, ruwan ma ba shi ya zuba ba. Laifinsa kawai ya shirya kayan ta yadda ido ba zai kai ga aibin ba. Haka kuma Buhari da Muslim sun ruwaito hanin ƙin tatsar raƙuma ko tunkiya kwana da kwanaki don hantsarta ta cika, mai saye ya zaci mai yawan nono ce. An ba wanda aka yi wa haka zaɓi, ya riƙe ta ko ya mayar tare da sa'i ɗaya na dabino.

Wanda ya yi tunani zai ga irin wannan hantsa a kasuwar mota. Akwai mai fesa sabon fenti bisa tsatsar da ta cinye ƙarfe. Akwai mai zuba baƙin mai mai kauri don injin ya daina ƙara na ɗan lokaci. Akwai mai tayar da mota tun da asuba ta yi zafi, don kada mai saye ya ga wahalar da ta ke bayarwa in ta kwana. Akwai mai mayar da agogon tafiya baya. Duk waɗannan ƙarya ce da hannu, hukuncinta kuwa ɗaya ne da ƙaryar baki.

Wasu su kan nemi mafita da kalma guda. Sai mai mota ya ce, yadda ka gan ta haka na sayar, tarin ƙarfe ne, ba ruwana da abin da ya biyo baya. Yana zaton da wannan ya wanke kansa. Amma Muhtasar na Shaihu Halil ya toshe wannan ƙofa, domin ya wajabta wa wanda ya san aibi ya ambace shi, ya siffanta shi ko ya nuna shi, kada ya dunƙule shi cikin magana ɗaya. Dalili kuwa a fili ya ke. Kowa ya san irin wannan magana al'adar 'yan kasuwa ce, mai saye ba ya ɗaukarta da gaske. Wanda ya san giyabos ba ta dace da sabon injin ba, ya ce kawai mota tsohuwa ce, bai bayyana kome ba.

Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Umar ya sayar da wani bawa a kan dirhami 800 bisa sharaɗin ba ruwansa da aibi. Mai saye ya tarar da cuta a jikinsa, suka kai ƙara wurin Halifa Usmanu ɗan Affan. Halifa ya hukunta Ibn Umar ya rantse cewa bai san da cutar ba lokacin ciniki. Ibn Umar ya ƙi rantsuwa, ya karɓi bawan ya mayar da kuɗi. Daga baya bawan ya warke, ya sayar da shi dirhami 1,500. Abin da a ke koyo a nan shi ne, sharaɗin ba ruwana ba ya rufe abin da mutum ya sani, ko da mai sharaɗin sahabi ne ɗan Halifa.

Saura kuma abin da mai motar bai sani ba. Injin da ba a taɓa tayarwa ba tun da aka ɗora shi, ba mai iya rantsewa a kan lafiyarsa. A nan gaskiya ita ce ya ce ba a gwada ba, a yi kuɗi a kan haka. Haɗarin yana cikin maganar nan da ta zama ruwan dare, wai abin da ya rage kaɗan ne, aikin kwana biyu. In da gaske aikin kwana biyu ne, da mai ita ya ƙarasa ya sayar da tsada. Musulunci ya hana cinikin garari, watau cinikin da ba a san ƙarshensa ba, kamar kifi a ruwa ko ɗan tayi a ciki. Don haka kayan da aka kwance aka zuba a buhu, a zazzage su a ƙirga gaban mai saye. In kuwa an yi sharaɗin mai sayarwa zai ƙarasa gyara, malaman Malikiyya sun yarda a haɗa ciniki da ijara, muddin an ambaci aikin, an san ladansa da lokacinsa.

Mai karatu zai iya cewa wannan tsanani ne ga mutumin da bukata ta kama. Ya zuba kuɗin sallamarsa a mota, in ya faɗi kome da kome ba zai mayar da ko rabi ba. Wannan magana tana da nauyi, kuma hasarar gaskiya ce. Sai dai a tambaya, hasarar nan ta wane ne? Ta riga ta auku tun ranar da gyara ya tsaya, a dukiyarsa ta auku. Ɓoyewa ba ta kawar da ita, tana ɗauke ta ne daga kansa ta ɗora wa wani bawan Allah wanda bai ji ba bai gani ba, wanda watakila shi ma gonarsa ya sayar don ya samu abin neman abinci. Mai motar yana da ikon ya sa kuɗin da ya ga dama, ya ce albarka har sai ya samu tayin da ya gamshe shi, kuma ba dole ne ya faɗi abin da ya kashe ba. Amma in ya zaɓi ya faɗa, ya ce na kashe kaza, to, ya shiga amana, ƙarin naira ɗaya a lissafin ha'inci ne. Hadisin Hakimu ɗan Hizam, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, ya rataya albarkar ciniki ga gaskiya da bayyanawa, ya kuma nuna ƙarya da ɓoyewa suna shafe ta.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi. Mota ba buhun dawa ba ce, rayuka ta ke ɗauka. In aka ɗora inji mai ƙarfi bisa birkin da aka yi don ƙarami, ko aka bar wayoyi tsirara kusa da bututun mai, aibin ba ga mai saye kaɗai zai tsaya ba. Zai bi fasinjan da za su hau zuwa Ribah ko Mahuta ko Kontagora. Kuma a shekarun da ƙasashen Danko-Wasagu da Sakaba suka sha fama da 'yan bindiga, mutanen Zuru sun san abin da mutuwar mota a daji da magariba ta ke nufi. Haka nan batun takardu: lambar inji tana rubuce a takardun mota, in ta saɓa da wadda ke jikin ƙarfe, mai saye ne zai amsa tambayar hukuma. Wajibi ne a miƙa masa rasidin injin, a gaya masa inda aka samo shi, domin kayan sata ba ya zama halal don ya ratsa hannu uku.

Dillali da makanike su ma ba su fita ba. Dillalin da ya san aibi ya yi shiru don la'adarsa ya yi tarayya cikin zunubin. Wanda a ke kawowa ya yi tayin ƙarya don kuɗi ya hau, shi ne mai najashi, Annabi kuwa ya hana shi. Makaniken da mai saye ya ɗauko don ya duba masa, amintacce ne, in ya karɓi wani abu daga ɗaya ɓangaren ya ce lafiya lau, ya ci amana kuma ya yi shaidar zur.

Mai saye kuma da nasa haƙƙi da nasa nauyi. In ya tarar da tsohon aibi da aka ɓoye masa, yana da zaɓi, ya riƙe motar a kan kuɗinta ko ya mayar ya karɓi abinsa. In wani babban aibi ya sake aukuwa a hannunsa, sai ya riƙe a biya shi bambancin kuɗi, ko ya mayar ya biya abin da ya ragu a wurinsa. Amma abin da aka nuna masa ya gani ya yarda, ba shi da ikon dawowa a kansa bayan wata uku don ya ga gyara ya fi ƙarfinsa. Sai dai in mai sayarwa ya ga dama ya warware masa cinikin don Allah, wannan kuwa aikin lada ne. Kada kuma ya ga mutum cikin matsi ya mai da gaskiyar da ya faɗa makamin karya masa kaya, domin in faɗin gaskiya ya zama sanadin wulakanci a kasuwa, mutane za su koyi ɓoyewa.

Hanya mafi kuɓuta ita ce wadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta shiryar, watau kafa shaidu a kan ciniki, da rubutawa in akwai sauran bashi. A ɗauki takarda ɗaya a rubuta irin injin da lambarsa, da abin da aka gyara, da abin da ya rage, da abin da ba a gwada ba, shaidu biyu su sa hannu. Mai yiwuwa kuɗin ya ragu, amma abin da ya shiga aljihu halal ne, kuma mai motar zai iya haɗuwa da mai saye a masallacin Juma'a su gaisa ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Allah Ya azurta Musulmi da halal, Ya tsare su daga cin dukiyar juna da ɓarna. Allah ne Mafi sani. Wassalam.