Hila A Kan Dokar Makami: Wanda Ya Bi Lafazi Ya Bar Manufa, Ya Kuɓuta?

 

Tambayar da za mu duba a wannan mako ita ce: idan hukuma ta kafa doka don tsare jinin jama'a, sa'an nan wani mai wayo ya ƙago dabarar da za ta sa ya sami abin nan da aka hana ba tare da ya saɓa wa ko harafi ɗaya na dokar ba, shin wannan mutum ya kuɓuta? A gaban alƙali mai yiwuwa ne ya kuɓuta, gama alƙali da zahiri yake hukunci. To, a tsakaninsa da Ubangijinsa fa, da kuma tsakaninsa da maƙwabcinsa? Malamai suna kiran irin wannan dabara hila, kuma sun daɗe suna magana a kanta. Za mu ɗauko misali daga nesa, domin ya fito da siffar abin sarai, sa'an nan mu komo gida.

A Jihar Kalifoniya ta Amurka, a cikin watan Janairu na 1989, wani mutum ya shiga filin wata makarantar firamare a garin Sitokton da bindiga irin ta yaƙi, ya harbe yara biyar har lahira. A shekarar nan majalisar jihar ta kafa dokar hana irin waɗannan bindigogi, aka kuma ƙara mata ƙarfi a 1999. Daga cikin alamomin da aka ɗora hanin a kansu akwai gidan harsashi wanda ake cirewa a mayar da wani nan take. Hikimar a fili take. Mai harbi idan harsashinsa ya ƙare, ɗan lokacin nan da zai ɓata wajen ɗura wani shi ne ratar da mai gudu zai gudu, mai ɓuya ya ɓuya, mai ƙarfin hali kuma ya cim masa. Amma da aka zo fassara dokar sai aka ce gidan harsashin da ba ya ciruwa sai da wani kayan aiki ba ya cikin hanin, aka kuma lissafa harsashi kansa a cikin kayan aiki. Shi ke nan, sai masu dabara suka ƙera wani ɗan madanni wanda yatsa ba ya iya danna shi, sai da tsinin harsashi. Bindigar nan dai ita ce, saurin canza gidan harsashi bai ragu ba sai kaɗan, amma a takarda ta zama halal.

Haka aka yi ta sayar da wannan madanni shekara da shekaru. Ran 2 ga Disamba, 2015, wasu mata da miji suka kashe mutum 14 a garin San Banadino, bindigogin da suka yi amfani da su kuwa irin waɗanda aka saya da wannan madanni ne. A 2016 Gwamna Jeri Burawun ya sa hannu a dokar da ta toshe ƙofar. Tun kafin dokar ta fara aiki maƙera suka fito da wasu sababbin dabaru. Mai doka yana ɗinki, mai hila yana farkewa.

Kada mai karatu ya ce wannan zancen Turawa ne. Mu ma muna da dokar bindiga tun 1959, wadda ta kasa bindigogi kashi uku. Akwai haramtattu, irin na soja, waɗanda ba a riƙe su sai da lasin daga Shugaban Ƙasa. Akwai na kai, kamar bindigar harbin tsuntsu, waɗanda lasinsu yake hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Akwai kuma waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki, watau irin su harbi-ka-ruga, waɗanda aka bar al'amarinsu ga Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Dokar ta hana a ba da lasin ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da wanda aka san shi da shaye-shaye, da wanda aka ɗaure kan laifin ta da hankali a cikin shekara biyar da suka wuce. Ƙera bindiga da gyaranta ma sai da izni.

Me ya sa aka sassauta wa bindigar ɗurin baki? Don harbi ɗaya take yi, sai an tsaya an sake ɗurawa. Ita ce ta maharbi a daji, ita ce ta 'yan bindigar Sarki a hawan Sallah. Hikimar nan ɗaya ce da ta Kalifoniya, watau a bar rata tsakanin harbi da harbi. Saboda haka wanda ya karɓi takarda a kan bindigar ɗurin baki, sa'an nan ya kai wa maƙeri a sauya mata ciki ta riƙa cin harsashin zamani, kamanninta na waje yana nan yadda yake, shi da mai madannin Amurka niyyarsu ɗaya. Haka wanda ya nemi lasin da sunan farauta, alhali kuwa abin da yake nufi shi ne ya ba yaransa ranar zaɓe. Haka mai kuɗin da ya karɓi lasin da sunansa domin wanda zai riƙe bindigar bai cancanta ba. Haka kuma matasan da ke ratsa unguwa da adduna da gariyo, in an tare su su ce daga farauta suke. Kowannensu yana da amsar da zai ba ɗan sanda, amma ba shi da wadda zai ba mala'ikun da ke rubuta aikinsa.

Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul A'arafi, ya ba mu labarin mutanen wata alƙarya ta bakin teku waɗanda aka hana su kamun kifi ranar Asabar. Sai ya zamana ranar Asabar ɗin ce kifaye ke fitowa a fili, sauran ranaku kuwa ba sa zuwa. Malaman tafsiri sun ce sai suka riƙa kafa taru da haƙa ramuka tun ranar Juma'a, kifi ya faɗa ciki ranar Asabar, su zo su kwashe ranar Lahadi. Da za a tambaye su, sai su rantse ba su taɓa kifi ranar Asabar ba, kuma gaskiya suka faɗa. Duk da haka azaba ta sauko musu, waɗanda suka yi musu wa'azi ne aka ambaci tsirarsu. Darasin shi ne, gaskiyar lafazi ba ta wanke ƙaryar niyya.

Imamu Buhari ya keɓe wani sashe sukutum a cikin Sahihinsa a kan hila, ya kuma buɗe shi da hadisin nan da kowa ya sani na cewa ayyuka da niyya suke. A ciki ya kawo hanin da aka yi wa makiyaya kada su haɗa garken da ke rabe ko su raba wanda ke haɗe don gudun zakka. Mazhabarmu ta Malikiyya kuwa tana da tsanani a nan, saboda ƙa'idarta ta toshe kafar ɓarna. Ɗalibin da ya karanta Risala a zaure ya san cewa idan ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya sayar wa mutum da dilar atamfa bashi a kan farashi mai tsada, sa'an nan ya sake sayenta daga hannunsa nan take da kuɗi hannu a kan farashi mai rahusa, malamai ba su duba dilar ba. Sun ce dila ta fita ta komo, abin da ya rage shi ne kuɗi kaɗan yau a biya da yawa gobe, wannan kuwa riba ce ko da an yi mata rawani. Imamu Shaɗibi ya taƙaita ƙa'idar da cewa duk dabarar da ta rushe manufar Shari'a ɓatacciya ce ko da zahirinta ya dace.

Amma ba kowace dabara ce abin zargi ba. Annabi Ayuba, tsira ya tabbata a gare shi, da ya yi rantsuwar zai yi duka, Allah da kansa ya nuna masa mafita, ya ɗauki damin ciyawa ya yi bugu ɗaya. Wannan mafita ta kai ga tausayi, ba ta cuci kowa ba. Ma'auni ke nan: a duba inda dabarar ta ɓulle. In ta ɓulle ga abin da mai doka yake so, ko ta kau da zalunci, to, madalla. In ta ɓulle ga ainihin abin da ya yi hani dominsa, to, tarun Asabar ne.

Wani zai ce, ai waccan dokar Allah ce, wannan kuwa ta mutane, ina haɗinsu? Amsa ita ce, ba mu daidaita su ba. Amma Suratun Nisa'i ta umarce mu da ɗa'a ga ma'abota al'amari, malamai kuma sun bayyana cewa wannan yana cikin abin da ba saɓo ba. Tsare rai yana cikin abubuwa biyar da Shari'a ta zo don kiyayewa, tare da addini da hankali da nasaba da dukiya. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya umarci wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibiyoyi ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani. Ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa, domin bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa. Sahabi Imrana ɗan Husaini ya ƙi a sayar da makami a lokacin fitina. Ashe taƙaita makami a cikin taron jama'a ba baƙon abu ba ne a addini, dokar hukuma ta zo ne ta tarar da asalinsa.

Mutanen Fagge da Sabon Gari ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan. Unguwanni biyu ne maƙwabta, ɗaya tsohon zangon fatake, ɗaya kuma an kafa ta a farkon zamanin Turawa don baƙi 'yan kudu. Da safe suna ciniki da juna, yaren kowa ya ratsa kunnen kowa. Amma ran 16 ga Mayu, 1953, bayan gardamar neman mulkin kai da aka yi a majalisar Ikko, da zuwan wakilan jam'iyyar Action Group Kano, rigima ta tashi a tsakanin unguwannin nan, aka kwana huɗu ana yi. Rahoton gwamnati ya ce mutum 36 suka mutu, 241 suka ji rauni. A Disamba 1980 fitinar Maitatsine ta ɓarke a 'Yan Awaki, kwamitin bincike na Mai Shari'a Aniagolu ya lissafa mutum 4,177 da suka halaka. A Oktoba 1991 ma an sake zubar da jini a wannan yanki. Galibin makaman da ke hannun jama'a a waɗannan ranaku adduna ne da wuƙaƙe da kwari da baka da bindigar toka. Mai hankali ya tsaya ya auna: da a ce a bayan kowane kanti akwai bindigar da ke aman harsashi ba tsayawa, wa zai saura ya yi jana'izar wani? Ratar nan da doka take son bari tsakanin harbi da harbi, a cikinta ne dattijo ke shiga tsakani, a cikinta ne Bahaushe ke ɓoye Ibo a ɗakinsa, Ibo ya ɓoye Bahaushe.

Sauran hujja guda, ita ce mafi nauyi, ba kuwa za mu kauce mata ba. Mutumin ƙauye a Zamfara ko Katsina zai ce, 'yan fashin daji ba su nemi lasin a wurin kowa ba, dokar nan ni kaɗai ta ɗaure. Maganarsa tana da ƙarfi, har ma a watan Yuni na 2022 gwamnatin Zamfara ta fito fili ta ce wa jama'a su nemi lasin su mallaki bindiga. Shari'a kuma ta yarda mutum ya kare kansa da iyalinsa da dukiyarsa, wanda aka kashe a kan haka shahidi ne. Masu bindiga a Amurka su ma suna kafa hujja da tsarin mulkinsu, suna cewa haƙƙinsu ne aka taɓa. To, wanda yake ganin doka ta zalunce shi, hanyarsa ita ce ya faɗa a fili: ya kai kuka ga Hakimi da Sarki da ɗan majalisa, ya shiga kotu, ya nemi a tsara 'yan sintiri ƙarƙashin idon hukuma, kowa da sunansa da lambar makaminsa. Wannan ya yi jayayya da doka ne ido da ido, kuma in ya yi nasara kowa ya amfana. Mai hila kuwa yana nuna ya yarda da doka alhali yana haƙa rami a ƙarƙashinta, ramin nan kuma ba shi kaɗai zai bi ta ciki ba. Wanda ya ƙera madannin Kalifoniya don masu wasan harbi ya yi shi, amma ba shi da ikon tsayawa a bakin ƙofa ya zaɓi wanda zai shiga. Maƙerin da ya sauya bindiga don manomi, gobe ɗan daba zai zo masa da kuɗin da ya fi na manomin.

Ita ma hukuma akwai nauyi a kanta. Wanda ya karɓe sanda daga hannun makiyayi, shi zai kori kura. Hukumar da ta hana talaka makami sa'an nan ta bar shi ga ɓarayi ta ci amana, za a kuwa tambaye ta. Haka jami'in da ya sayar da lasin, ko ya ga bindigar mai kuɗi ya kau da kai, shi ne ya fara koya wa jama'a cewa doka takarda ce kawai.

Ga wani awo mai sauƙi ga maƙeri da ɗan kasuwa da maharbi da duk mai riƙe da lasin. Kafin ka yi dabararka, tambayi kanka: zan iya gaya wa wanda ya ba ni takardar nan ainihin abin da nake nufi? Zan iya gaya wa maƙwabcina na ƙetaren titi, shi da 'ya'yansa suna saurare? In za ka iya, Bismilla. In kuwa ka ji ƙirjinka ya yi nauyi, kana ƙin mutane su sani, to, Manzon Allah ya riga ya gaya mana cewa wannan ita ce alamar zunubi.

Allah Ya tsare mu da yaudarar kanmu, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya zaunar da Kano da Nijeriya lafiya. Amin.