Tsuntsun da ya ɓata da masu zuwa kallonsa

'Yan uwa, a can arewacin Sikotlan, tsakanin tsibiran Orkney da Shetland, akwai wani ɗan tsibiri mai suna Fair Isle. Mazaunansa ba su kai ɗari ba, amma tun 1948 aka kafa cibiyar nazarin tsuntsaye a wurin. Duk watan Satumba da Oktoba, in iskar gabas ta taso, mutane kan biya kuɗin jirgi su je da madubin hangen nesa, suna jiran tsuntsun da ba a saba gani ba.

To wane tsuntsu ne wannan? Sau da yawa ɗan mitsitsi ne daga Saberiya, bai kai gwara ba, nauyinsa kamar giram 6. Kudu maso gabashin Asiya ya kamata ya nufa don gudun sanyi, sai ya yi yamma, ya ƙetare teku, ya faɗo a gajiye. Wato abin da mai kallo ke kira sa'a, shi a wurinsa ɓatan hanya ne. Wani ma ba zai sake ganin gida ba.

Shin daidai ne mutum ya yi murna da ɓatan wani? Masu kallon suna da hujja. Ba su suka ɓatar da shi ba. Lissafin da suke yi da zoben da ake sa wa tsuntsaye a ƙafa sun taimaka an gane hanyoyin ƙaura. Mutanen tsibirin kuma na samun na cefane daga baƙi.

A ganina kallon kansa ba laifi ba ne. Laifin yana farawa ne sa'ad da aka tashe shi daga ciyawar da ya laɓe don a samu hoto mai kyau. Duk tashi ɗaya na cin ɗan ƙarfin da ya rage masa, alhali abinci da hutu yake nema.

Mu da ke zaman Kudu mun san wannan. Yaro ya sauko daga mota ba adireshi, ba kowa nasa, sai a yi masa caa da tambaya, a sha labari, a watse. Wa ya ce masa "ka ci abinci?" Wa ya nuna masa makwanci? Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, ba ya daɗewa. Kafin ya wuce, a fara ba shi ruwa, labari ya biyo baya.

Allah Ya sa mu dace.