Ginin da aka shuka: shin ruɓewa aibi ce?

Naman kaza da ke tsirowa da damina ɗan abin da ido ke gani ne kawai. Ainihin halittar tana ƙarƙashi, wasu fararen zaruruwa ne sirara masu ratsa ruɓaɓɓen itace suna ci. Da su ake yin tubalin zamani: a cuɗa su da karan masara ko garin katako, a zuba a mazubi, cikin 'yan kwanaki su ɗaure komai tamau, sannan a gasa don tsiron ya mutu. A 2014 wani magini mai suna David Benjamin ya tayar da hasumiyar Hy-Fi a birnin New York da irin wannan tubali kusan 10,000. Bayan 'yan watanni aka rushe ta, aka mayar da ita taki.

Tambayar da wannan ya tayar ta girmi fasahar. Mutum yana auna gini da daɗewarsa, shi ya sa siminti ya ci kasuwa, alhali sarrafa shi na fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa. To, mene ne darajar gidan da tun ranar aza shi aka shirya masa komawa ƙasa?

Musulunci bai ɗauki dawwamar gini abin yabo ba. A Suratush Shu'ara, Annabi Hudu ya zargi Adawa da tayar da manyan gine-gine tamkar ba za su mutu ba. Masallacin Madina na farko kuwa da tubalin laka, kututturen dabino da ganyensa aka yi shi, har ruwan sama yana zuba ciki. Maginan Hausa ma sun san ginin ƙasa na rayuwa ne da yaɓe, in aka bar shi ya koma inda aka haƙo shi, babu guba, babu tarkace. Wanda aka ba amanar ƙasa, abin da gininsa ya bar wa na baya shi ma abin tambaya ne a kansa.

Sai dai kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a, kuma nan ne iyakar tubalin naman kaza take. Ba shi da nauyi, yana tare zafi da ƙara, amma yana shan danshi, kuma bai kai kankare ɗaukar kaya ba. Aza masa bene ganganci ne. A yanzu gurbinsa shi ne cikon bango, rumfunan wucin gadi da kwalin kare kaya, wanda kamfanin Ecovative, da aka kafa a Amurka a 2007, ya shahara da shi.