Wa Ake Yi Wa Hisabin Dukiyar Agaji?

Malaman fiƙihu, da suka zo babin zakka, ba su tsaya ga mai bayarwa da mai karɓa kaɗai ba, sai da suka yi dogon bayani a kan mutum na uku da ke tsakaninsu, watau amili, ma'aikacin da ake aikawa ya tara dukiya domin ta isa ga masu haƙƙi, wanda aka ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba cikin jinsuna takwas masu rabo. Hukuncinsa a bayyane yake: yana da ladan wahalarsa, amma abin da ke hannunsa amana ce, mai riƙe da amana kuwa ana tambayarsa. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Ibnul Lutbiyya hisabi bayan ya komo daga karɓar zakka, har ya hau mumbari saboda kyautar da Ibnul Lutbiyya ya ware wa kansa. A ganina, ƙungiyoyin agaji da ke aiki a ƙasar Madarunfa ta jihar Maraɗi a Nijar, ko Musulmi ke tafiyar da su ko waninsu, a wannan matsayi suke, domin da sunan talakawanmu suka roƙo aka ba su.

To, mas'alar ita ce, hisabinsu wa suke yi wa? Abin da aka saba, takardun lissafi su tafi Yamai, daga can su wuce Turai ga waɗanda suka ba da kuɗi, da Faransanci ko Ingilishi, alhali matar garin Gabi ko ta Safo, wadda da hotonta da na ɗanta aka nemi kuɗin, ba ta da labarin nawa aka samu, balle ta san dalilin da aka ba maƙwabciyarta aka tsallake ta.

Kada mai karatu ya zaci butulci nake yi. A yunwar 2005, bayan fara da ƙarancin ruwan damina sun ɓata amfanin 2004, farashin hatsi kuma ya gagari talaka, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, akasarinsu a jihar Maraɗi, kuma wanda ya ceci rai ɗaya ma Allah kaɗai ya san sakamakonsa. Amma a duba yadda abin ke gudana a bakin ƙofar likita. Uwa ta tako tun asuba da goyonta, ma'aikaci ya naɗa wa yaron ma'auni mai launi uku a damtse. In ya faɗa ja, a rubuta shi, a ba uwar ƙunshin abincin nan na gyaɗa da madara da ake kira Plumpy'Nut. In ya faɗa kore, a ce ta koma gida, ita kuwa ta san rumbunta wayam yake daidai da na wadda aka karɓa. Likita na da hujjarsa, domin shi cuta yake aunawa, ita kuwa yunwar gida ta kawo ta, kuma matuƙar ba a zauna an warware mata wannan bambanci da harshenta ba, zato ne zai cika gurbin bayani, shi kuwa zato ba ya haifar da komai sai tuhumar maigari da ƙullatar juna tsakanin kishiyoyi da maƙwabta.

A watan Yuli na 2008, gwamnatin Mamadu Tanja ta dakatar da aikin reshen Faransa na MSF a Maraɗi, aka yi ta jayayya tsakanin Yamai da Paris, kowane ɓangare yana magana da sunan yaran nan, har reshen ya janye kafin ƙarshen shekarar, likitocin ƙasa na ƙungiyar FORSANI suka ɗauki wani sashe na aikin a Madarunfa. Abin da ya fi damuna a wannan ƙissa shi ne, masu haƙƙin ba su da kujera a wurin da aka yanke hukunci, ga shi kuwa mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Da aka gwada ba su amana, ai sun riƙe: a Mirriya ta jihar Damagaram, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun koya wa uwaye auna damtsen 'ya'yansu da kansu, aka tarar awonsu bai gaza na ma'aikatan sa kai ba.

Mu ma akwai namu nauyin, domin wanda ya ƙara yawan iyalinsa a takarda, ko ya kai abincin yaro mara lafiya kasuwa, ya ci haƙƙin wani miskini, kuma ba shi da bakin tuhumar amili.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin nan, da sarakuna da limamai na Madarunfa, da Ɗan Isa, da Jiratawa: duk aikin da za a fara, a tara jama'a maza da mata a ƙofar maigari, a faɗa da Hausa nawa aka kawo, wa za a ba, bisa wane sharaɗi, kuma yaushe aikin zai ƙare, in ya ƙare, a komo wuri guda a karanta lissafi, a bar wadda aka tsallake ta yi tambaya ba tare da tsoron a share sunanta ba.