Jitar Kwaikwayo: Wa Ta Cuta?

A nan Hausari ta Yerwa, da yaro ya rataya jita mai araha, wadda aka ƙera da siffar tsofaffin jitocin Amurka, sai mu hau yi masa dariya: "Ai jabu ce!" Wani don kunya ya jingine ta ke nan har abada.

To amma jama'a, mene ne jabu? Marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi suna har ya rasu a 2015. Daɗin kiɗa a yatsu yake.

Kwaikwayo ba ya zama ha'inci sai an sayar da shi da sunan na asali. Yaron nan bai yaudari kowa ba. Mu fa, da muke aro babbar riga ranar biki mu ce tamu ce?